Piyano a Falon Baba Abraham

Ranar da Justina ta fara ganin Kefas, majinyaci ta ɗauke shi.

A motar Ilu ce, mai jigila tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, da safiyar wata Litinin, ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Katsina ba. Tana komawa bakin aikinta na nas a ɗakin shan magani na Kurfi. Saurayin da ke kusa da ita ya lumshe ido, ya ɗora hannuwa bisa gwiwoyinsa, yatsunsa sai motsi suke yi ba tsayawa. Ta kalla, ta kau da kai, ta sake kallo. Wanda ya yi karatun jinya kuwa ba ya ganin irin wannan ya yi shiru.

"Bawan Allah, tun yaushe hannunka ke wannan karkarwa?"

Ya buɗe ido ya dube ta, ya dubi hannunsa, sai ya yi murmushi.

"Tun ina yaro, Likita."

"Kuma ba ka je asibiti ba?"

"A coci na kamu da ita. Ban ga alamar tana da magani ba."

Sannan ya yi mata bayani. Malamin firamare ne a Kurfi. A garinsu, can kudancin Kaduna, ya koyi kaɗa ogan, abin kiɗan coci mai maɓallai, amma ɗan cocin da suke sujada a Kurfi ba shi da abin kiɗa sai tulun mata da caki. Shi ya sa yake motsa yatsunsa bisa gwiwa, don kada su manta hanya.

Ilu ya yi ta dariya har motar na neman sauka daga kwalta. Justina ta ji kamar ta nutse. Amma ita ba ta cikin matan da kunya ke rufe wa baki. Kafin su shiga Kurfi ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: tun tana ƙarama, in ta ji ana kaɗa piyano a rediyo, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

"To ki zo in koya miki," in ji shi.

"A kan me? Gwiwa?"

"A kan tebur. Mun ci gaba."

Haka kuwa aka yi. In an tashi makaranta sai ya fito da teburin aji gindin bishiyar bedi, inda kowa ke wucewa ya gan su, ya zana mata maɓallai da alli, ya cike baƙaƙen da gawayi. Tebur ba ya da murya, don haka shi ne muryarsa. Duk inda ta danna sai ya rera sautin wurin da bakinsa. In ta yi kuskure ba ya gyara mata, kuskuren zai rera mata, ya ja shi ya yi tsawo, har sai ta toshe kunne tana dariya.

"Malam, wallahi muguntarka ta yi yawa."

"Ni me na yi? Abin da kika danna na faɗa, Likita."

Ba ta san ranar da ta fara son sa ba. Ta dai lura cewa ran Juma'a, in za ta tafi gida Dutsin-Ma, ƙafarta nauyi take yi. Ran Asabar kuma sai ta sami kanta a tasha tana jiran motar Ilu, don ba ya zuwa hannu biyu, sai da takarda daga Kefas. Takardun gajeru ne, a yage daga littafin aji:

"Likita, majinyacinki na gaishe ki. Jikin da sauƙi, amma Kurfi ba daɗi. Kar ki bar hannun hagu ya yi barci. Kefas."

Ita kuma ta amsa a bayan takardar:

"Majinyacina, ka sha ruwa da yawa, ka rage tunani. Jibi ina nan tafe. Hannun hagu ya ce ya gaji da tebur."

Gaskiya ta faɗa, ta gaji da tebur. Adashen da take zubi da abokan aikinta ya kusa zagayowa kanta, ta kuma ƙudura abin kiɗa za ta saya. Abu biyu ne a gabanta. Akwai ƙaramin kibod irin wanda ake kawowa daga Kano, mara nauyi, mai cin batir, wanda mutum zai saƙale a hammata ya tafi. Akwai kuma piyano mai lantarki na wata malama 'yar ƙasar Filifin da ke koyarwa a Dutsin-Ma, wadda za ta koma gida tana sayar da kayanta.

Ta je ta ga piyanon ita da mamarta. Jikinsa na katako ne, maɓallansa da yawa har hannu biyu ba sa kaiwa ƙarshensu. Da ta danna ɗaya sai ta ji ya yi mata gardama kaɗan kafin ya sauka. Ta danna a hankali ya yi magana a hankali, ta danna da ƙarfi ya cika ɗakin. Tsigar jikinta ta tashi. A nan take ta kamu da son abin nan, so na gaske.

Wanda ya kai su a motarsa shi ne Julius, mai babban kemis a bakin kasuwa, wanda ya daɗe yana kewaya gidansu da sunan gaishe da Baba. Yana tsaye daga bakin ƙofa, ya ga yadda fuskarta ta yi.

Ran Litinin ta zayyana wa Kefas komai, tana jiran ya taya ta murna.

"Abu ne mai kyau," ya ce. "Amma kibod za ki saya."

"Kai da ka san daɗin abin, kai ne za ka ce haka?"

"Ɗakinki na Kurfi akwai wuta?"

"Babu."

"Cocinmu fa?"

"Nan ma babu."

"Ke nan a Dutsin-Ma zai zauna, ki riƙa kai masa ziyara ran Asabar. Mai koyo ba wanda ya fi kyau yake nema ba, Likita. Wanda zai taɓa kullum yake nema, da safe kafin aiki, da yamma in ya dawo. Ƙaramin nan maɓallansa ba nauyi, na yarda, muryarsa kuma siririya ce. Amma yana tare da ke."

Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya ƙara ba ta haushi. Ranar ba ta tsaya darasi ba.

A gida kuma wata rigimar ce ke jiranta. Labarin tebur da gindin bedi ya riga ya kai kunnen mahaifinta. Baba Abraham tsohon akawu ne, dattijo a coci. Daga ƙasar Jos ya zo tun yana saurayi, amma ya daɗe a ƙasar Katsina har ya fi 'yan garin tsantseni a kan wasu abubuwa.

"Makaɗi?" ya ce. "Duk karatun da na ba ki, makaɗi za ki kawo mini?"

"Baba, malamin makaranta ne."

"Yau malami ne. Gobe in aka kira shi otal ya kaɗa a yi rawa, a liƙa masa kuɗi a goshi, sai a ce wane ne wancan? A ce surukin Abraham. Ba da ni ba."

Duk da haka Justina ta aika wa Kefas ya zo ran Asabar ya gaishe da iyayenta. Fushin kibod daban, wannan daban. Ta tabbata in Baba ya gan shi ido da ido zai sauko.

Sai dai Julius ya riga shi. Ranar, da rana tsaka, a-kori-kura ta tsaya ƙofar gida, ƙarti suka sauko da piyanon malamar suna nishi, unguwa duk ta fito kallo. Julius ya ce shi dai ya ga ana so ne, ya ce bari ya rage wa Justina wahala. Aka matsar da kujeru, aka ba piyano wuri mafi kyau a falo. Kafin a jima matan maƙwabta da 'yan zumuntar mata sun cika gidan.

"Justina, ki ɗan taɓa mana mu ji," in ji Mama.

Da ta tsaya ta yi tunani da ba ta zauna ba. Amma wata da watanni tana danna katako bebe, ga shi yau abin da zai amsa mata yana gabanta. Ta zauna. Ta kaɗa waƙar sujadar da Kefas ya fara koya mata, hannu biyu, daga farko har ƙarshe. A ranta shi take gani, tana cewa ina ma yana nan ya ji. Tana ɗaga hannu wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama.

Hajiya Sa'adiya ce kaɗai ba ta yi guɗa ba. Matar Alhaji mai hatsi ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu, a tsakar gidanta Justina ta yi rarrafe. Ta ja ta gefe zuwa madafa.

"Ɗiyata, kin san mi kika yi kuwa?"

"Waƙa na kaɗa, Hajiya."

"Waƙa? Ke a nan aka haife ki, kar ki yi mani kamar baƙuwa. Saurayi ya kawo toshi da rana tsaka, budurwa ta sa hannu gaban mutane, an yi guɗa. Mi ya rage? In turare ne kin shafa, in zane ne kin ɗaura. In ba ki son mai kaya, ko ƙurar kayan ba ki sharewa."

Sai a lokacin Justina ta tuna yau ne ta ce Kefas ya zo. Ta fita ƙofar gida da sauri ta duba hagu da dama, ba kowa. Da la'asar Ilu ya leƙo, yau ba dariya a fuskarsa, ya miƙa mata takarda.

"Likita, na zo, na tsaya a ƙofa, na ji. Ko kuskure ɗaya ba ki yi ba. Na tambaya aka ce amarya ce ke gwada kayan angonta. Abin ya dace da hannunki. Allah ya sanya alheri. Kefas."

Ta yi kuka, ba laifi a faɗa. Amma ba ta daɗe tana yi ba. Ran Litinin daga mota ba ta biya ɗakinta ba, makarantarsu ta nufa, ta sa aka kira shi daga aji. Ya fito da alli a hannu, ya rame a kwana biyun nan kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Wa ya ba ka izinin sallamar kanka?" ta ce.

"Justina, ki tsaya ki ji. Na faɗa miki ki sayi ƙaramin ne don ban san akwai mai iya ba ki babban ba, da gida mai wuta da za ki ajiye shi. Da kunnena na ji yadda ya karɓe ki. Ya fi, ba zan yi miki ƙarya ba. Albashina ba zai taɓa sayen irinsa ba."

"Ka gama?"

"Na gama."

"Ina son piyanon nan, Malam. Ina son sa sosai, kuma zan ji zafin rabuwa da shi. Amma da mutum ya zo, mutumin kuma ba na son sa. Kai ne ka ce mini mai koyo wanda zai zauna da shi kullum yake nema. To ni ban iya zaman aure ba, koyo zan yi. Da kai nake so in koya."

Allin ya karye a hannunsa. Yaran aji sun cika taga, sai da ya juya ya harare su sannan ya iya magana.

"Baba fa?"

"Baba nawa ne. Ka bar ni da shi."

Faɗa ya fi aikatawa sauƙi. Da ta ce a mayar wa Julius da kayansa, Baba Abraham ya ce sai dai bayan ransa. Kaya sun shigo da rana, an yi guɗa, da wane ido zai kalli mutane? Justina ba ta yi masa musu ba. Ta samo tsohon zanen gado ta lulluɓe piyanon, ba ta ƙara ko kallon inda yake ba. Julius in ya zo ta gaishe shi da ladabi ta shige ɗaki. Ita kaɗai ta san yadda yatsunta ke mata ƙaiƙayi in ta gifta ta falon.

Aka ɗauki makonni a haka, uba ya ƙi, 'ya ta ƙi, ga su kuma hali ɗaya. Daga ƙarshe Baba ya ce ta kira masa makaɗin nan, shi da bakinsa zai faɗa masa ya fita hanyar 'yarsa.

Kefas ya biyo motar farko, ya iso tun kafin lokacin da aka sa masa. Justina ta tarye shi a tasha. Mama ta tafi cefane, gidan shiru. Suna shiga tsakar gida sai suka ji sauti daga falo. Wani ne ke danna piyano da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙaya. Waƙar ta hau, ta hau, ta zo wani wuri ta tuntuɓe. Aka koma farko. Ta sake zuwa wurin ta sake tuntuɓe. Aka ja tsaki.

Justina ta san tsakin nan tun tana goye.

Ta ɗaga labule. Ga Baba Abraham da singileti da tabarau a kan hanci, zanen gadon a ƙasa. Ya zabura zai miƙe, ya ga ba wurin ɓuya, sai ya murtuke fuska ya zauna. Ita dariya ce ta taso mata, ta danne ta da ƙyar, don ta san in ta kuskura ta fito magana ta lalace.

Kefas ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiya da iyali. Baba ya amsa a daƙile. Sannan Kefas ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Baba, waƙar daidai take a kunnenka. Yatsa ɗaya ne ya yi mata kaɗan. In ka zo wurin nan, babban yatsa za ka zura ta ƙarƙashi, sauran su haye."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa, Baba."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. Ya dubi maɓallan. Can ya ce, "Ta ƙarƙashi kamar yaya?"

Kefas ya matso a durƙushe, ya nuna masa a kan gwiwarsa. Baba ya gwada ya kasa. Ya sake ya kasa. Kefas bai yi dariya ba, bai kuma kama masa hannu ba, sai dai ya ce, "Saura kaɗan, Baba, sake." Da aka jima waƙar ta zo wurin nan ta wuce sumul, ta gangara har ƙarshe. Baba Abraham ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin singileti.

"Lokacin da nake yaro a makarantar mishan," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "ni ke hura wa ogan iska daga baya. Shekara da shekaru ina jin waƙar nan ta cikin katako. Ba a taɓa cewa in zagayo gaba in zauna ba."

Justina ta ji dariyar da take dannewa ta koma ƙwalla. Sai a lokacin ta gane ashe ba ita kaɗai ce za ta yi rashi ba in aka fitar da abin nan.

"Baba," ta ce, "ka ce in kira shi kana da magana."

Ya shafa katakon da hannunsa. Sannan ya dubi Kefas.

"Kana kiɗa a otal?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"In an kira ka fa?"

"Ina da aji, ina da coci. Sun ishe ni."

Baba ya miƙe, ya ɗauki zanen gadon ya ninke da kansa.

"Je ki ce wa Hajiya ta roƙa mana Alhaji aron motarsa. Da rana piyanon nan ya shigo, da rana zai fita. Ni zan kai shi, in ba Julius haƙuri da bakina."

Shi ya kama kusurwa ɗaya da aka zo ɗauka, duk da ciwon bayansa, ya kuma hana kowa karɓar masa. Justina na tsaye a ƙofa har motar ta sha kwana. Ta ji zafi kamar yadda ta ce za ta ji, amma ko kaɗan ba ta yi nadama ba.

Julius ya ji ciwo, amma ɗan kasuwa ne, ya san yadda ake fita kunya. Ran bikin godiyar kaka ya ba coci piyanon kyauta, ya kuma tabbatar an ambaci sunansa da kyau a sanarwa. Makullin cocin kuwa dama a hannun Baba Abraham yake. Daga nan duk Asabar Kefas ya zo zance sai ya fara biyawa ta can, su yi darasi da tsohon, Justina na gida tana mita an cinye mata lokacinta.

Ita kuma da adashenta ya fito ta sayi ƙaramin kibod ɗinta. Muryarsa siririya ce kamar yadda aka faɗa mata, batir kuma yake ci ba tausayi. Amma da shi take kwana da shi take tashi, kafin shekara ta fita ita ke raka matan cocin Kurfi in sun ɗauki waƙa da tulunsu.

Aka sa biki bayan Kirsimeti. Iyayen Kefas suka zo da mota cike da dangi, Hajiya Sa'adiya ta kwana uku tana tuyar dubulan, ta ce ɗiyarta ce ba wanda zai nuna mata iyaka. Cocin ya cika har waje.

Da Fasto ya tambayi wanda ke ba da wannan yarinya aure, Baba Abraham ya taso cikin babbar rigarsa. Kalma biyu aka saba faɗa a wurin, amma shi ya kama hannun Justina ya sa cikin na Kefas, ya riƙe su duka bai saki ba.

"Malam," ya ce, "na ba ka ita da zuciya ɗaya. Taurin kai gare ta, a wurina ta gada. Ka yi haƙuri da ita yadda ka yi haƙuri da yatsuna."

"Na karɓa, Baba. Na gode."

Justina ta sunkuyar da kai cikin mayafi, hawaye na ɗiga a kan hannuwan nan uku. Tsohon ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, jama'a suka amsa da amin har sai da kwanon rufin ya ɗauka. Mu ma amin muka ce, Allah ya bar su tare.